Kwas ɗin IT Support na Google: abin da yake ba mai son kwamfuta a Accra, da abin da ya bari a kan teburin gyara

A kowane zango na Accra, daga Nima da Maamobi har Sabon Zango da Madina, akwai yaron da ake aika a kira idan kwamfuta ta ƙi tashi. Shi ke sa Windows, shi ke ƙara RAM, shi ya san layin da ake samun caja a Circle. Ladansa sau da yawa "Allah ya yi albarka" ne da kuɗin trotro. Tambayar da irin waɗannan samari da 'yan mata suke yawan kawo wa masu aikin IT, wato masu kula da kwamfutoci, a ofisoshi ita ce ko kwas ɗin nan na Google zai mayar musu da wannan sha'awa aikin albashi. Hukuncinmu shi ne zai cike rabin giɓin, kuma rabin da ya fi wuya mutum ya koya shi kaɗai. Sauran rabin sai ka nemo shi da hannunka.

Cikakken sunansa Google IT Support Professional Certificate, kuma a dandalin Coursera ake yin sa. Ya fito a watan Janairun 2018. Ginshiƙinsa darussa biyar ne: tushen aikin, hanyoyin sadarwar kwamfuta, Windows da Linux, kula da kwamfutocin ma'aikata, sai tsaro. Google ya ƙiyasta wata shida ga mai ba shi kimanin awa goma a mako. Ba a neman digiri ko wata gogewa kafin a shiga. Da Turanci ake koyarwa, amma kowane bidiyo yana tare da rubutun abin da malamin yake faɗa, wanda ke taimakon duk wanda saurin Turancin Amurka yake wuce wa kunne.

Maganar kuɗi tana da tarko guda. Wata-wata ake biya, dala 49 a Amurka, kuma farashin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ma'anarsa mai jan ƙafa ya fi mai himma biya. Da kati ake biya, Visa ko Mastercard, kuma da zarar wata ya cika za a cire na gaba ba tare da an tambaye ka ba, ko ka buɗe darasi ko ba ka buɗe ba. Wanda ya san zai yi tafiya ko zai shiga hidimar azumi da salla, ya dakatar da rajistar tun kafin ranar cirewa. Akwai kuma tallafi ga marasa ƙarfi: ana cike takarda a shafin, a rubuta dalilin nema, a jira kimanin mako biyu. Darasi-darasi ake nemansa, don haka ka tura buƙatar darasi na gaba tun kana tsakiyar wanda kake ciki, kada ka zauna zaman jira. Game da data, manhajar Coursera ta waya tana barin a sauke bidiyo a kalla daga baya, sai ka yi saukewar inda akwai Wi-Fi ko da data ta tsakar dare.

Darasi na farko, wanda ya saba buɗe kwamfuta zai wuce shi da gudu. Mene ne furosesa, mene ne RAM, yadda kwamfuta take ƙirga da sifiri da ɗaya. Amma kada ka tsallake sashensa na ƙarshe, inda ake koyar da yadda ake bin matsala da yadda ake magana da mai ita. Yaron unguwa ya saba da a miƙo masa kwamfuta ya ce a dawo gobe. A ofis ba haka ba ne. Mai lissafin kuɗin ofis za ta kira ka tana cikin haɗa albashin ƙarshen wata, abin da za ta ce kawai shi ne "ba ya aiki". Aikinka ne ka tambaya: yaushe ya fara, me aka canza jiya, ke kaɗai ce ko har na kusa da ke, wane saƙo ne ya fito a allo. Amsa huɗun nan kan raba matsalar gida biyu tun kafin ka taɓa komai.

Darasi na biyu, na hanyoyin sadarwa, shi kaɗai ya isa dalilin biyan kuɗin. Nan ne mafi yawan masu koyon kwamfuta a gida suke da rami, domin a ɗaki kwamfuta ɗaya ce da waya mai raba intanet, alhali a ofis yawancin kiran da za a yi maka a kan haɗi ne. Darasin yana bin hanyar saƙo hawa-hawa, daga kebul zuwa adireshin MAC, zuwa adireshin IP, zuwa TCP, har manhajar da ke sama. Yana da nauyi, musamman lissafin raba adireshi, kuma nan ne mutane da dama suke ajiye kwas ɗin. Ka daure ka yi lissafin da biro da takarda har ya zauna: rukunin adireshin da ake rubuta wa /24 na ɗaukar na'urori 254, /25 na ɗaukar 126, /26 na ɗaukar 62. Ana tambayar wannan a ganawar ɗaukar aiki.

Ga amfaninsa a aikace. An ce maka intanet ya ɗauke a kwamfuta ɗaya. Ka buga ipconfig. Idan adireshin ya fara da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta. Matsalar tana tsakaninta da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a ofis: ko kebul, ko soket ɗin bango, ko DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, da ya tsaya. Idan adireshin lafiya yake, misali 192.168.1.25, ka yi ping, wato umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, zuwa rauta. Ta amsa? Ka yi ping zuwa 8.8.8.8, adireshin wata kwamfutar Google a intanet. Idan wannan bai amsa ba, layin waje ne, na MTN ne ko na Telecel ko wanda ofishin yake amfani da shi, kuma kafin ka kira su ka duba ko data ce ta ƙare. Idan kuwa 8.8.8.8 ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshin IP, sai ka gwada nslookup ka tabbatar. Minti uku ke nan, kuma ba ka kashe rautar ofis gaba ɗaya ka katse wa mutum talatin aiki ba. Wanda bai san wannan jeri ba, kashewa da kunnawa ce kaɗai dabararsa.

Darasi na uku yana sa ka aiki da rubutaccen umarni, PowerShell a Windows da Bash a Linux, gefe da gefe: ƙirƙirar asusu, ba da izinin fayil, raba faifai, kashe manhajar da ta maƙale, karanta rajistar kurakurai. Yana da kyau, ko da yake ya fi ba Linux fili fiye da yadda ƙaramin ma'aikaci zai gamu da shi a ofisoshin nan, inda Windows ce ta mamaye tebura. Gwajin aikin ana yin sa ne a kan wata kwamfuta ta nesa da ake ara maka na ƙayyadadden lokaci. Agogon ba ya tsayawa don wutarka ta ɗauke ko netwok ya yi rauni. Ka karanta umarnin gaba ɗaya kafin ka danna farawa, ka cika batir, kuma kada ka yi shi da yamma lokacin da layi yake cunkushe.

Darasi na huɗu ne ya fi ba mu takaici. Batun shi ne mafi kusa da aikin yau da kullum, wato Active Directory, tsarin da kamfani yake riƙe asusun ma'aikatansa da kwamfutocinsu a wuri guda. Bayanin daidai ne, amma aikin hannun bai kai ya zaunar da abin a ka ba. Sake wa ma'aikaci kalmar sirri, buɗe asusun da ya kulle, shigar da sabuwar kwamfuta cikin rukunin kamfani, ba sashen kuɗi izinin babban fayil a hana sauran: waɗannan su ne abincin ƙaramin ma'aikacin IT, kuma sai ka yi su da kanka sau da yawa.

Maganinsa ka gina ƙaramin ofis a cikin laftof ɗinka. Laftof ɗin kamfani da aka yi amfani da ita a waje ta wadatar, irin su Dell Latitude 5490, HP EliteBook 840 G5 ko Lenovo ThinkPad T480. Duk ukun suna da gurbin RAM biyu, kuma kayansu ba sa wuyar samu a Circle. Sai dai ka buɗe ido wajen saye. Waɗannan samfura sun fito da furosesa iri biyu, na ƙarni na bakwai da na takwas, jikinsu kuwa iri ɗaya. Ka duba lambar: i5-8250U ko i5-8350U kake so, mai farawa da 8. Mai farawa da 7, irin i5-7300U, ba ya cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Ka shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gaban mai shagon ka tabbatar babu kalmar sirri a kai. Ka buga powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Ka duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo. In da hali a sake sa Windows a haɗa ta da intanet kafin ka biya, domin wasu laftof ɗin har yanzu suna rajiste da sunan tsohon kamfaninsu, da sun ga intanet sai su nemi asusun ma'aikacin can. Irin wannan ka bar musu kayansu komai arharsa.

RAM ya kai gigabait 16, SSD aƙalla 256. Ka kunna saitin VT-x a BIOS, ka sa VirtualBox, wanda kyauta ne, shi ke ba ka damar kafa wasu kwamfutoci a cikin laftof ɗin. Microsoft yana ba da Windows Server ta gwaji ta kwana 180, da Windows 11 Enterprise ta kwana 90. Ka kafa su biyun a VirtualBox, ta farko a matsayin uwar garke, ta biyu a matsayin ƙaramar kwamfutar ma'aikaci, ka ba kowacce RAM gigabait 4 da faifai na 64, ka haɗa su a netwok na ciki guda. Uwar garken ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, misali 192.168.10.10, sannan ka ɗora mata Active Directory. Wurare uku ne mutane suke maƙalewa. Na farko, Windows Home ba ta shiga rukunin kamfani ko kaɗan, sai Pro ko sama da ita. Na biyu, kuma shi ya fi yawa, DNS na ƙaramar kwamfutar dole ya nuna adireshin uwar garken. Idan ka bar shi a 8.8.8.8 za ta ce ba ta ga rukunin ba, ka yini kana neman laifi a inda babu. Na uku agogo: idan tazarar lokacin kwamfutocin biyu ta wuce minti biyar, Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga, zai ƙi karɓar shiga ko da kalmar sirrin daidai ce. Bayan ta haɗu, ka ƙirƙiri ma'aikata ashirin na ƙarya, ka raba su sashe uku, ka kafa dokar kulle asusu bayan kuskure biyar, ka ɓata abu da gangan ka gyara. Mako biyu a kan wannan sun fi sake kallon darasin sau uku.

Darasi na biyar, na tsaro, yana da daɗin bi kuma ya isa matakin farawa: ɓoye bayanai, tantance mai shiga, katangar netwok, saƙonnin yaudara. Duk wanda aka taɓa kira da sunan an turo masa MoMo bisa kuskure ya riga ya san rabin darasin yaudarar.

Yanzu ga abin da ba za ka samu ba. An tsara kwas ɗin ne a ƙasar da wuta ba ta wasa, kuma kwamfutar da ta lalace ana mayar wa kamfani a kawo sabuwa. A nan kai ne kamfanin. Wutarmu volt 230 ce, amma tana hawa tana sauka, kuma dawowarta bayan dumsor ta fi ɗaukewarta ɓarna. Dole ka iya riƙe mitar auna wuta: layukan da ke fita daga akwatin wutar babbar kwamfuta volt 12 ne da 5 da 3.3, kuma kaucewar da ta wuce kashi biyar cikin ɗari alamar akwatin ya gaji ne. Kwamfutar da ke mutuwa haka kawai idan aiki ya yi nauyi, nan za ka fara dubawa, sai zafi. UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in babu wuta, wadda ke ƙara ta mutu nan take idan wuta ta ɗauke, yawanci batirinta ne na cikin, mai ƙarfin 12, kuma canza shi ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Kada a taɓa jona firinta mai aiki da leza a ƙaramar UPS, tana jan wutar da za ta durƙusar da ita.

Caja ma babi ce. Na Dell da HP galibi volt 19.5 suke bayarwa, na Lenovo 20. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya wadda take gaya wa laftof ko ita wace ce. Idan allurar ta karye, ko cajar jabu ce, laftof za ta kunnu amma batir ba zai ɗauki caji ba, kuma za ta rage gudun furosesa har mai ita ya rantse ƙwayar cuta ce ta shiga. An goge kwamfutoci da yawa a banza saboda wannan allura. BIOS yana nuna ko ya gane cajar, kallo ɗaya ya isa.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka da raga har laftof ta riƙa kashe kanta. A buɗe, a cire batir tukuna, a riƙe fankar da yatsa yayin hura mata iska don kada ta yi juyin da zai lalata ta, a goge tsohon man furosesa da sinadarin isopropyl, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Sai ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin 3. Idan ya mutu kwanan wata yana komawa baya, shafukan intanet su fara gargaɗin rashin tsaro, wanda bai sani ba ya kira kamfanin layi yana faɗa.

Firinta kuwa, kwas ɗin ya taɓo ta ne a gurguje, alhali ita ce za ta fi cin lokacinka. Abin da ya fi yawa: an ɗauke wuta an dawo, rauta ta ba firinta sabon adireshi, kwamfutoci suna ta aika aiki tsohon. Gyaran dindindin shi ne a keɓe mata adireshi a cikin rauta. Idan ayyuka sun cushe sun ƙi gogewa, a tsayar da Print Spooler, a share abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, a sake kunna shi. Da damina takarda na shan laima ta riƙa maƙalewa, don haka a bar ta a ledarta sai za a yi amfani da ita. Haka nan matse kan kebul: jerin launukan wayoyi na tsarin T568B shi ne fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa, kuma tsawon kebul ɗaya kada ya wuce mita 100. Kebul mai arha da aka yi da alminiyom aka shafe da tagulla yana cika kasuwa. Ka kankare waya ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki, kada ka ja shi zuwa nesa, kada kuma ka ɗora masa kyamara ko na'urar Wi-Fi mai shan wuta ta kebul. Outlook da Microsoft 365, waɗanda ofisoshi da dama suke rayuwa a kansu, su ma kwas ɗin bai zurfafa a kansu ba, amma Microsoft Learn yana da darussansu kyauta.

Mafi yawan wannan a shagon gyara ake koyonsa, kuma wata uku zuwa shida a hannun masta mai gaskiya, a Tip Toe Lane da ke Circle ko cikin unguwa, suna da daraja. Za ka ga laftof iri-iri a mako guda fiye da abin da ofis zai nuna maka a shekara. Sai dai ka ɗauki hannun, ka bar wasu ɗabi'un. A shago gogewa a sake sa Windows ce maganin kusan komai, domin lokaci kuɗi ne. A ofis wannan hanyar kora ce. Kafin ka taɓa faifan ma'aikaci ka kwafe bayanansa, ka buɗe kwafin ka ga yana karantuwa. Ka tambayi ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan faifai, yana kunne, ka samo mabuɗinsa mai lamba 48 kafin ka canza wani abu a BIOS ko ka cire faifai, domin in ya kulle babu mabuɗi, babu gwanin da zai buɗe shi a duk Circle. Manhajar sata ba ta shiga kwamfutar kamfani. Abin da idonka ya gani a fayil ɗin mutane kuma amana ce, ga doka a kai: Ghana tana da dokar kare bayanai ta 2012, Act 843.

Saura nauyin takardar a kasuwa. Haɗakar kamfanoni sama da 150 masu ɗaukar aiki da Google yake ambatawa ta Amurka ce, kada ka sa ta a lissafinka. A Accra tallace-tallacen aiki da yawa suna fara neman HND ko digiri, daga baya su ambaci takardun ƙwarewa, kuma wadda suka fi sani a wannan mataki ita ce CompTIA A+. Bambancinsu a fili yake: ta Google shaidar kammala kwas ce da ka yi a ɗakinka, A+ kuwa jarrabawa ce da ake sa wa ido ta hannun Pearson VUE. Kashi biyu ce, a yanzu 220-1201 da 220-1202, waɗanda suka fito a Maris ɗin 2025. Kowacce minti 90 ce, tambayoyi har 90, kuma ana cin ta farko da maki 675, ta biyu da 700, cikin 900. Kowacce ta haura dala 250, wanda ya faɗi kuma sai ya sake biya, takardar kuma shekara uku take yi kafin a sabunta. A sidi wannan kuɗi ne mai nauyi. Shawararmu kada ka fara da ita. Ka gama na Google, ka bi bidiyoyin Professor Messer na kyauta a YouTube don cike ɓangaren kayan ƙarfe, ka zauna jarrabawar idan ka fara samun kuɗin shiga ko wurin aikinka ya yarda ya biya. Wanda kuma ya san ba ya iya karatu sai da malami a gabansa, gara ya nemi aji, a cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa ko Accra Technical University ko makamantansu, da ya riƙa biyan Coursera wata-wata yana kallon darasi na biyu.

Aikin farko ba kasafai yake fitowa daga manyan bankuna ba. Makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, otal-otal, da kamfanonin da ke karɓar kwangilar kula da kwamfutocin wasu, su ne ƙofar. Mai shirin bautar ƙasa ya yi ƙoƙari a tura shi sashen IT, ko da jan kebul zai fara. A takardar neman aiki kada ka tsaya ga sunan kwas. Ka rubuta abin da ka gina: uwar garke ɗaya, ma'aikata ashirin, sashe uku, dokar kulle asusu. Ka buɗe littafi tun yau kana rubuta kowane gyara da ka yi, ko na makarantar Islamiyyar unguwa ne: alamar da aka gani, abin da ka gwada, abin da ya zama sanadi, tsawon lokacin da ya ɗauka. Ranar ganawa ka tafi da laftof ɗin da cajinta a cike, ƙaramin ofishin nan yana kunne a ciki, domin mai ɗaukar aiki zai iya cewa ka buɗe masa asusun da ya kulle yana kallo.